Amsoshin Tambayoyinku: Shin rijiya da waya ma 'yan gari ne?

Assalamu alaikum jama'a masu saurare. Wasiƙarmu ta farko ta fito ne daga wata ɗaliba a Ƙofar Ƙaura, nan cikin birnin Katsina. Ta ce ta ji a aji wai wasu masana sun ce ba mutane kaɗai ne al'umma ba, har da waya da titi da ƙwayoyin cuta. Tana tambaya: anya wannan maganar hankali ce?

To 'yar'uwa, mun gode. Maganar ta taso ne a Faransa a shekarun 1980, daga Bruno Latour, wanda ya rasu a 2022, da abokan aikinsa Michel Callon da John Law. Cewa suka yi, mai son gane yadda jama'a ke zaune, ya bi sawun duk abin da ke sauya musu hali, ko mutum ne ko ba mutum ba. Latour ya kan ba da misali da tudun nan da ake yi a tsakiyar titi: direban da bai jin wa'azi, bai ganin allo, da ya hango tudun sai ya taka birki don tausayin motarsa.

Mu ma ba baƙon abu ba ne gare mu. Wa zai ba da tarihin Daura ya tsallake rijiyar Kusugu, da macijin da aka ce ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a?

Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jiharmu saboda 'yan bindiga. Mutanen nan su ne dai, maƙwabtansu su ne. Sai ga mai POS ya naɗe hannu, ɗan da ke Legas ya kasa aiko wa mahaifiyarsa kuɗin cefane, mutum ya biya kuɗin mota zuwa wani gari don kawai ya sanar da rasuwa. Ashe zumuncin namu a jikin ƙarfen sabis yake rataye, ba mu lura ba.

Sai dai ki kula, 'yar'uwa, ba su ce waya tana da rai ko niyya ba. Wasu masanan ma sun soke su, suna tsoron kada a jingina wa kaya laifin mai kaya, kuma ina tare da su a nan: bindiga tana sauya abin da hannu zai iya, amma mai hannun za a tuhuma.

Wasiƙa ta gaba daga Mashi take.