Zaɓen limita: kada ƙara ta rufe maka kunne

(An rubuto daga rikodin ɗin laccar da aka yi wa matasa masu ƙananan situdiyo a ƙasar Ringim, Jihar Jigawa.)

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji? To madalla. Ku matso gaba, akwai sauran wuri a benci.

Abubuwa huɗu zan faɗa a kan limita, wato fulogin, ƙaramar manhajar gyaran sauti, da ake ɗorawa a can ƙarshen layin masta, inda duk sautukan waƙa suke haɗuwa, kafin a fitar da waƙa. Na farko, aikinsa. Sauti a cikin kwamfuta yana da iyaka, 0 dB (dB shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Duk abin da ya haura nan sai ya tsage. Limita kamar mai gadin ƙofa ne. Yana hango dukan kalangu ko na kik, wato babbar ganga mai bes, tun bai iso ba, ya danne kansa, ya sake shi. Da ya danne waɗannan kawunan, sai ka samu sararin ɗaga sauran waƙar. Iyakar aikinsa ke nan. Ba ya gyara murya, ba ya ceto mikisin ɗin da ya lalace. Masu manhajar haɗa waƙa ta FL Studio, ku leƙa layin masta, sau da yawa za ku tarar Fruity Limiter yana zaune a can tun daga buɗe sabon aiki. Ku kashe shi yayin mikisin, ku bar sautin yana tsayawa wajen -6 dB.

Na biyu, kuma a nan nake so ku ajiye wayoyinku. Kunnen ɗan Adam yana son ƙara. Ka kunna masa waƙa ɗaya sau biyu, ta biyun ta fi da 1 dB kacal, zai ce ta biyun ta fi daɗi, ta fi bes, ta fi haske. Alhali waƙar ɗaya ce! Shi ya sa yaro zai ɗora sabon limita, ya ja maɓalli, waƙa ta yi tsalle, ya ce ai wannan ya fi na jiya. Bai gwada komai ba. Ƙara kawai ya ji.

Ga yadda ake gwaji na gaskiya. Ka ɗauki wurin da waƙa ta fi cika, wato amshi, inda 'yan amshi da ganga da piyano suka haɗu. Ka maimaita daƙiƙa 20 na wurin. Ka jera limita biyu ko uku, ka tura kowanne har ya riƙa danne 3 dB, sannan ka rage abin da ke fita daga cikinsu har ƙarar ta zo daidai da ta waƙar da ba a taɓa ba. Daidai fa, ba kusa ba. FabFilter Pro-L 2 yana da maɓalli mai alamar 1:1 don wannan aikin. L2 na Waves da LoudMax suna da abin da ke ɗaure maɓallin turawa da na fitarwa su sauka tare. Idan naka ba shi da shi, ka sa mitar auna ƙara ta Youlean, kyauta ce, ka daidaita da hannu.

Yanzu rufe ido ka saurara. Me kake nema? Ka bi dukan kalangu: har yanzu yana da baki, ko ya zama kamar ana dukan katifa? (dariya) Ka bi murya: duk lokacin da kik ya sauka, tana nutsewa ta taso kamar mai haki? Ka bi bes: yana tafiya sumul, ko ya fara gurnani? Wanda ya fi barin waƙarka yadda take, shi ne naka, ko da na kyauta ne. Na sake faɗa, ko da na kyauta ne. Daga nan ka ƙara turawa zuwa 5 ko 6 dB, ka ga wanne zai fara karyewa. Amma wannan gwaji ne kawai. A aikin gaske, idan mita ta nuna kana danne fiye da 3 ko 4 dB ba tsayawa, matsalar tana cikin mikisin. Galibi bes ne ya yi yawa. Sautin da ke ƙasa da 30 Hz waya ba ta fitar da shi, rediyon mai shayi ba ta fitar da shi, amma yana cinye wa limita ƙarfi. Yanke shi da ikwalaiza, ka ga yadda waƙa za ta samu numfashi.

Kuma ku sani, Spotify yana daidaita waƙoƙi zuwa -14 LUFS, wato ma'aunin ƙarar waƙa gaba ɗaya, YouTube ma yana rage duk wadda ta yi ƙara da yawa zuwa kusan nan. Ka matse waƙarka har -7, su mayar da ita ƙasa, ka tashi ba ƙarar, ba daɗin. An yi ba a yi ba.

Ina muke? Na uku, silin, wato iyakar da limita ba ya barin sauti ya haura. Kada ka bar shi a 0. Ka sa -1 dB, ka kunna True Peak, mai auna ainihin tsayin kawunan sauti, idan akwai. A LoudMax sunansa ISP. Dalili: in aka juya waƙa zuwa MP3 don a tura ta WhatsApp ko a loda a mimori, kawunan sautin suna ɗan ƙara tsawo. Abin da ya tsaya cif a 0 a situdiyo sai ya tsage a wayar mai biki. L2 ba ya auna wannan, don haka mai amfani da shi ya ƙara sauke silin ɗin kaɗan.

Sai saki, wato rilis, lokacin da limita ke ɗauka kafin ya saki sautin da ya danne. Wannan na ukun ne ko na huɗu, ku dai rubuta. Zagaye ɗaya na bes mai 50 Hz yana cin milisakan 20. In ka sa saki ya gaza haka sosai, limita zai riƙa gutsurar jikin bes ɗin, gurnanin nan ya fito. In ya yi tsawo, waƙa ta dushe bayan kowane duka. Wanda bai ƙware ba ya bar shi a na kai-da-kai, a L2 shi ne ARC. Masu tsohuwar kwamfuta kuma... na'am, ƙanena, ga hannunka can.

Mai tambaya: Oga, mu yawanci masu bege muke ɗauka, da mandiri. Da na tura limita sai muryar sha'iri ta riƙa shiga tana fita. Wanne zan saya?

Kada ka sayi komai tukuna. Mandiri dukansa kaifi ne da shi, kuma hannun mutum ba inji ba ne, wani dukan ya fi wani nesa ba kusa ba. Waɗannan 'yan dukan masu tsawo su ke sa limita ya danne komai, har da murya. Ka koma layin mandirin shi kaɗai. Buɗe hoton sautin, za ka ga dukan da suka yi tsini sama da 'yan uwansu, ka rage su da hannu 2 ko 3 dB. In sun yi yawa, ka sa Fruity Soft Clipper a kan layin ya aske kawunan kaɗan, ba da yawa ba, don kada fatar ta rasa amonta. Bayan nan ka koma masta, za ka tarar limitan da kake da shi yana danne 2 dB maimakon 6, murya ta zauna wuri ɗaya. Da makirfo nawa kake ɗauka?

Mai tambaya: Ɗaya ne, Oga, duk a tare.

To a nan gizo ke saƙa. In murya da mandiri suna layi ɗaya, ba ka da yadda za ka raba su. Ka fara ɗaukar mandiri, sannan sha'iri ya sa hedifon ya hau kai. In sun ce ba sa jin daɗin yi a rarrabe, ka matso da makirfo kusa da bakinsa kamar taƙi ɗaya, masu mandiri su ja baya taku uku ko huɗu, ta bayan makirfon. Kawo filashinka bayan sallar La'asar mu buɗe aikin a gaban kowa.