Darasi: Yadda Ake Gano Abin da Ke Rage wa Rumbun Bayanai Sauri

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kallo, na nan Garwa da na Marwa da Ngaundere, har da waɗanda ke bin mu daga Kuseri da Njamena. Darasinmu na yau yana kan ƙorafin da masu kula da kwamfutocin asibitoci da shagunan magani da ƙungiyoyin manoman auduga suka fi kawowa, wato manhajar da take aiki lafiya a shekarar farko ta koma sai an jira ta kafin ta fitar da rasit ɗaya. Idan haka ta faru, shawarar da aka fi saurin yankewa ita ce a sayi sabuwar na'ura mai ƙarfi, a kashe miliyoyin sefa, alhali ba a tambayi rumbun bayanan abin da ke damunsa ba. Ni a ganina wannan gaggawa ce, domin rumbun yana iya faɗin ciwonsa da kansa idan an san yadda ake tambayarsa. Zan yi misalai da PostgreSQL, amma zan riƙa nuna inda MySQL ya bambanta; dukansu manhajojin rumbun bayanai ne, wato inda manhajar aiki ke adana bayananta.

Matakin farko shi ne a san wace tambaya ce ke cin lokaci, wato wane umarni cikin waɗanda manhaja ke aika wa rumbun. A PostgreSQL akwai saitin da ake kira log_min_duration_statement, wanda idan kuka ba shi 500, duk tambayar da ta kai rabin daƙiƙa za a rubuta ta a kundin aiki tare da lokacin da ta ɗauka. A MySQL kuwa sai ku kunna kundin tambayoyi masu jinkiri, amma ku lura cewa ma'auninsa na asali, wato long_query_time, daƙiƙa 10 ne, kuma wannan ya yi yawa, don haka ku sauke shi zuwa daƙiƙa 1 ko ƙasa da haka. Sai dai kundin nan ba ya kama wani nau'in ɓarna: tambayar da ke ɗaukar ɗan ƙanƙanin lokaci amma manhaja tana aika ta sau dubbai kafin ta buɗe shafi ɗaya. Domin wannan ne ake ɗora pg_stat_statements, wanda ke tara jimillar lokacin da kowace irin tambaya ta ci da yawan kiran da aka yi mata. Ku jera sakamakon bisa jimillar lokaci, ku fara da biyar na sama.

To, idan mun kama tambayar, sai mu sa EXPLAIN ANALYZE a gabanta, umarnin da ke nuna hanyar da rumbun ya bi da lokacin da ya ɗauka. Kafin mu ci gaba akwai gargaɗi: wannan umarni yana aiwatar da tambayar da gaske, saboda haka idan ta gogewa ce ko ta sauya bayani, ku fara da BEGIN ku rufe da ROLLBACK, wanda ke soke duk sauyin da aka yi, in ba haka ba za ku goge bayanan mutane kuna cewa gwaji kuke yi.

Ku dubi allo. A ce muna da teburin ciniki na wani babban shagon magani mai layi miliyan 2, muna neman abin da mai saye guda ya saya a watan jiya. Rumbun ya nuna mana Seq Scan, ma'ana ya karanta teburin tun daga layin farko har na ƙarshe domin ya tsamo layi talatin ko arba'in. Kamar ɗan kasuwa ne da zai buɗe littafin bashinsa shafi bayan shafi duk lokacin da mutum ɗaya ya zo biya. Maganin wannan shi ne fihirisa, wato jeri na daban da ke nuna wa rumbun inda kowane layi yake. Fihirisar da aka fi amfani da ita tana bin tsarin B-tree, wanda Rudolf Bayer da Edward McCreight suka ƙirƙiro a kamfanin Boeing na Amurka a 1970. Amfaninta shi ne rumbun yana sauka matakai uku ko huɗu kacal ya isa inda layin yake, ko da teburin ya kai miliyoyi.

A nan zan ɗan daɗe, domin a nan ake yawan kuskure. Idan fihirisa ta ƙunshi ginshiƙi biyu, jerinsu yana da muhimmanci. A misalinmu ana neman lambar mai saye daidai, ana kuma neman kwanan wata tsakanin rana kaza da rana kaza, don haka lambar mai saye ce za ta zo farko, kwanan wata ya biyo baya. Idan kuka juya su, rumbun zai ratsa cinikin kowa da kowa na wannan wata yana tacewa. Na biyu, idan kuka lulluɓe ginshiƙi da wani aiki, misali kuka ce a ciro shekara daga kwanan wata sannan a kwatanta ta da 2024, fihirisar kwanan wata ba za ta yi amfani ba. Ku rubuta cewa kwanan watan ya kai 1 ga Janairu 2024 amma bai kai 1 ga Janairu 2025 ba, za ku sami amsa iri ɗaya ta gajeriyar hanya.

Na uku ya shafe mu musamman a wannan yanki, inda suna ɗaya ake rubuta shi Mahamat a Chadi, Mohamadou a takardun Kamaru, Muhammadu a rubutun Hausa. Saboda wannan bambanci ma'aikata sun saba neman guntun suna, manhaja kuma ta aika LIKE da alamar kashi cikin ɗari a farkon kalma da ƙarshenta. Fihirisar B-tree tana bin haruffa daga farko, don haka idan farkon kalmar ba a san shi ba, ba ta da abin kamawa. A PostgreSQL ku ɗora pg_trgm, wanda ke yanka kalma haruffa uku uku, ku gina masa fihirisa irin ta GIN. Idan kuma sunayen suna ɗauke da wasulan Faransanci masu alama a kai, unaccent zai taimaka wajen daidaita su kafin a kwatanta.

Wani abin da masu tahowa daga MySQL ke mantawa shi ne, InnoDB, injin ajiyar bayanai na MySQL, yana gina fihirisa da kansa a kan ginshiƙin da ke nuni zuwa wani tebur, amma PostgreSQL ba ya yi, sai kun gina da hannunku. Kuma idan ana cikin aiki, ku yi amfani da CREATE INDEX CONCURRENTLY domin kada ku tsayar da masu rubuta rasit. Kada kuma ku zuba fihirisa a kowane ginshiƙi, domin duk layin da aka shigar sai an sabunta kowace fihirisa saboda shi, ga kuma wurin da suke ci a faifai.

Wani lokaci fihirisa tana nan amma rumbun ya ƙi bin ta. Ku koma sakamakon EXPLAIN ANALYZE ku kwatanta adadin layin da ya yi hasashe da adadin da ya samu. Idan ya yi tsammanin 10 ya tarar da 50,000, ƙididdigar da yake dogara da ita ta tsufa, abin da ke yawan faruwa bayan an loda bayanai masu yawa lokaci guda, kamar lokacin kakar auduga. Umarnin ANALYZE a kan teburin yakan warware wannan. Haka kuma saitin random_page_cost, wanda rumbun ke auna wahalar karatu daga wurare daban-daban na faifai da shi, yana zuwa da 4, lissafin da aka yi domin tsohon faifai mai juyawa, idan kuwa faifanku SSD ne, masu kula da yawa suna sauke shi zuwa 1.1.

Yanzu sai kula da bayanan kansu. PostgreSQL ba ya goge tsohon layi nan take idan an sauya shi ko an cire shi, yana barin sa a matsayin mataccen layi har sai VACUUM ya zo ya share. Mai sharar atomatik yana farawa ne idan matattun layuka sun kai kashi 20 cikin ɗari na teburin da ƙarin layi 50. A teburinmu mai miliyan 2, wannan na nufin sai matattu sun haura 400,000 kafin a taɓa su, don haka ga manyan tebura ku rage autovacuum_vacuum_scale_factor a kan teburin shi kaɗai. Na san akwai masu kashe wannan shara gaba ɗaya wai tana nauyaya na'ura, kuma ban yarda da su ba, domin lambobin da rumbun ke ba kowace ma'amala, wato dunƙulen aikin da ake buɗewa a rufe, suna da iyaka ta kusan biliyan 2, kuma idan ba a yi sharar ba rumbun zai daina karɓar rubutu domin ya kare bayanansa. Idan kun ga shara tana gudana amma matattu ba sa raguwa, ku leƙa pg_stat_activity ku nemi haɗin da aka bari a halin idle in transaction, domin ma'amalar da aka buɗe tun safe ba a rufe ba tana hana a share duk abin da ya mutu bayanta. VACUUM FULL kuwa yana kulle tebur ɗungum kuma yana buƙatar sarari domin sabon kwafi, saboda haka aikin dare ne ko na ranar hutu.

Batun ƙwaƙwalwar aiki ba zai ɗauke mu lokaci ba. Saitin shared_buffers, wato ƙwaƙwalwar da rumbun ke ajiye bayanan da ya karanto, yana zuwa da megabait 128, kuma shawarar da aka saba bi ita ce a kai shi kwata na ƙwaƙwalwar na'urar da aka keɓe wa rumbu. Shi kuwa work_mem, mai megabait 4, ku ƙara shi da hankali, domin kowane aikin jerawa a cikin kowace tambaya yana iya ɗaukar nasa kason.

Akwai shawarar da za ku ci karo da ita a intanet cewa a kashe fsync, saitin da ke tabbatar da cewa rubutu ya sauka a faifai, domin rubutu ya yi sauri. Zai yi sauri, amma mu da wutarmu ta dogara da ruwan madatsar Lagdo, kuma mun san yadda ake ɗauke ta a watannin zafi, wannan shawara ba tamu ba ce, domin ɗaukewar wuta sau ɗaya tana iya lalata rumbun baki ɗaya. Idan rubutu ne ya yi nauyi, synchronous_commit, mai sa a jira rubutu ya sauka a faifai kafin a ce ma'amala ta kammala, shi ne wanda za a iya kashewa ga ayyukan da ba na kuɗi ba, tunda mafi munin abin da zai faru shi ne a rasa ma'amalolin ƙarshe na ƙasa da daƙiƙa ɗaya, amma rumbun zai tashi lafiya. Ku haɗa na'urar da batirin ajiyar wuta, kuma kafin ku taɓa ko ɗaya daga cikin saitunan nan ku ɗauki kwafi da pg_dump, ku mayar da shi a wata kwamfuta ku tabbatar yana buɗewa. Daga nan ku sauya abu ɗaya, ku sake gudanar da EXPLAIN ANALYZE a kan tambayar nan dai, ku rubuta lokacin da ta ɗauka kusa da na farko kafin ku taɓa na gaba.