André Lwoff da Tambayar Me Ƙananan Halittu Suke Ci

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kallo. Wannan ruwan da ke cikin kwalba, yau da safe na ɗebo shi a wani kududdufi a bakin Binuwai, nan Garwa. Da ido, ruwan kwari ne kawai. Bari mu sa ɗigo ɗaya a ƙarƙashin madubin likita. Kun gan su? Wasu da gashi-gashi a jiki suna tuƙi kamar masu kwale-kwale, wasu da 'yar wutsiya guda. Kowannensu ƙwaya ɗaya ce tal, ba tumbi, ba hanji, ba hanta. Amma tana ci, tana girma, tana rabuwa biyu. To me take ci?

Akwai wani Bafaranshe da ya kwashe kusan shekara ashirin yana bin wannan tambaya. Sunansa André Lwoff. An haife shi a 1902 a tsakiyar Faransa, iyayensa 'yan asalin Rasha ne, mahaifin likitan ƙwaƙwalwa. Yana ɗan shekara 19, a 1921, ya shiga Cibiyar Pasteur ta birnin Paris, kuma ya koyi aikin a hannun malaminsa Édouard Chatton.

Ga inda gizo ke saƙar. A cikin kududdufi, waɗannan halittu bakteriya suke haɗiya, su kuma bakteriya kowace da abin da ta ƙunsa. Kamar yaron unguwa ne da ke cin abinci a gida goma. Idan ya yi ƙiba, wa zai ce tuwon wane gida ne ya karɓe shi? A 1923 Lwoff ya yi abin da ba a taɓa yi wa irin masu gashin nan ba. Ya ware wata da ake kira Tetrahymena a yau, ya raba ta da bakteriya ƙaƙaf, ya raine ta a cikin tsaftataccen romo, ta rayu, ta hayayyafa. Daga nan hanya ta buɗe. Sai a riƙa yi mata kamar yadda uwargida ke gwajin miya: yau a cire wannan, gobe a cire wancan, a ga wanne ne in babu shi girma zai tsaya cak.

A nan dole in kawo sunan matarsa, Marguerite, wadda ya aura a 1925, domin tare suka yi aikin a ɗaki guda. Ita ta duƙufa a kan wata halitta mai wutsiya da ke zaune a hanjin sauro, dangin ƙwayar da ƙudan tsando ke sa wa shanu sammore a tudun Adamawa, wadda kuma ke sa wa mutum ciwon barci. An san halittar ba ta girma a kwalba sai an ɗiga mata jini. Me ke cikin jinin da take nema? Aka bi diddigi, sai ga shi hematin ne, wani nau'i na ɗan sinadarin nan mai ƙarfe da ke ba jini launin ja. Kuma ɗan mitsitsi ya ishe ta.

Wannan ƙanƙantar ce ta hana Lwoff barci. Abin da ake ci don ƙoshi, da yawa ake cinsa. Ya tafi Heidelberg a Jamus, ɗakin binciken Otto Meyerhof, ya auna numfashin halittar. In ba hematin, numfashi ya yi ƙasa. An ƙara shi, ya tashi. Tambayi duk mai babur a Garwa ko Marwa: fetur daban, fulogi daban. Cika tanki taf, in fulogi ya mutu ba inda za ka. Suga da romo su ne fetur, hematin kuwa kayan injin ne da kansa, da shi ƙwayar ke ƙera abin da take numfashi da shi. Ni dai ina ganin nan ne zuciyar aikinsa duka, domin aikin bitamin a jikinmu ke nan.

A 1936 shi da Marguerite suka warware wata. Bakteriyar Haemophilus, wadda wani nau'inta ke sa wa ƙananan yara sanƙarau, tana da buƙata biyu daga jini, ana ce musu X da V; X ɗin shi ne hematin ɗin nan. Suka nuna V ɗin wani mataimakin sinadari ne da ƙwayoyi ke amfani da shi wajen fitar da ƙarfi daga abinci. Har yau, in an kai ruwan ƙashin bayan yaro ɗakin gwaji ana zargin sanƙarau, a kan faranti mai ruwan cakulan ake shuka shi. Ba cakulan a ciki. Jini ne aka ɗumama har ƙwayoyinsa suka fashe, suka saki waɗannan abubuwa biyu.

Daga duk wannan ya fito da wani tunani a littafinsa na 1944: halittar da ta daɗe tana samun abu a ɓagas, sannu a hankali takan rasa iya haɗa shi da kanta. Ƙwayar sammore, da ta saba da jinin wani, ba ta iya ƙera hematin. Mu ma haka muke. Akuyar da ke ɗaure a tsakar gida tana haɗa bitamin C a hantarta, mu kuwa sai mun nema a lemo, a gwaiba, a garin 'ya'yan kuka.

Bayan yaƙin duniya na biyu ya koma kan ƙwayoyin bairos masu kama bakteriya. A 1950 ya nuna yadda bairos ke lafewa a cikin bakteriya tsara bayan tsara, sai an haska mata wani irin haske ya farka ya fasa ta. Wannan ɓangaren ne ya kai shi ga kyautar Nobel a 1965, tare da François Jacob da Jacques Monod, waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa a wasu 'yan ɗakuna can saman benen Pasteur.

Sunan Marguerite bai shiga kyautar ba, kuma abin yana taɓa ni, ganin nawa daga cikin takardun farkon nan ke ɗauke da sunayensu biyu. Ta rasu a 1979. Shi kuma ya rasu a Paris ranar 30 ga Satumba 1994, yana da shekara 92.