Me ya sa ginin filin jirgin Bauchi da ka zana ya ƙi hawa?

[Allo: jirgi na gangarowa, duwatsu can nesa]

Assalamu alaikum, jama'a. Wannan da kuke gani ba jirgin gaske ba ne, X-Plane ne, manhajar kwaikwayon tuƙin jirgi a kwamfuta. Filin da muka dosa kuwa namu ne, na Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Durum. A duniyar matuƙan jirgi sunansa DNBC.  Ku riƙe haruffan nan, za su yi mana amfani anjima.

Tun makon jiya magana ɗaya ke ta shigo mini a WhatsApp. Wani ƙaninmu ya kwana ya wuni a kan Blender, manhajar ƙera siffofin 3D a kwamfuta, ya ƙera ginin fasinjoji na Durum tun daga ƙofa har rufi, ko launin fenti bai kuskure ba. Wallahi aikin ya yi kyau. Da ya zo ɗora shi a rumbun gayya na X-Plane, wanda ake kira Scenery Gateway, sai manhaja ta ƙi. Nan take zaure ya ɗau zafi, wasu na cewa ai dama ba a son ganin namu. Na san zafin abin, amma ba haka ba ne. Ko mutum ɗaya bai kai ga ganin ginin ba, balle ya ƙi shi.

Bari mu bi matakan farko da gudu, don ba nan matsalar take ba.

[Allo: WorldEditor a buɗe]

Ka sauke WorldEditor, manhajar zana filayen jirgi ta X-Plane, kowa WED yake ce mata, kyauta ce. Ka buɗe asusu a Gateway. Ka rubuta haruffa huɗun nan, in wani ya riga ka yin aiki a filin, sauko da nasa ka ɗora a kai, kada ka rushe ka faro daga tushe. Ka sa alamar cewa filin yana hannunka, don kada wani a can wata ƙasa ya yi ta wahala a kan abin da kake yi. Sai ka kunna hoton tauraron ɗan'adam a ƙasan zanenka, ga shi nan, ka riƙa bin sawun kwalta da layukan fenti. Shi ke nan.

To, yanzu ku gyara zama.

Abin da kake aika wa Gateway ba gini ba ne. Takardar awo ce. Rubutu ne zalla da ke cewa: a wuri kaza a sa bango iri kaza mai tsayi kaza, a can a dasa fitila, a nan a ja shinge. Su kuwa bangon da fitilar da shingen, tuni suna cikin kwamfutar duk wanda ke da X-Plane, sun zo tare da manhajar a cikin ma'ajinta. Idan mutum a Brazil ko Jamus ya sauka a Bauchi, kwamfutarsa ce za ta karanta takardarka, ta ɗebo kaya daga nata ma'ajin ta jera.

Kun ga inda gizo ke saƙar? Ginin ƙaninmu a kwamfutarsa kaɗai yake. Takardarsa ta ce a sa wannan gini a nan, kwamfutar mutumin Brazil ta duba ma'aji ba ta same shi ba, sai fili fetal. Kamar ka aika wa magini a wani gari zanen gida, ka ce ya yi amfani da bulon da ke jibge a tsakar gidanku. Shi ya sa WED take tantance aikin tun kafin ya bar hannunka, da ta ga abin da ba na ma'aji ba sai ta tsaya. Ba ta san Bauchi ba, ba ta san Paris ba. Haka za ta yi wa kowa.

[Allo: jerin kurakurai, kibiya a kan layin farko]

Dubi layin nan. Sunan ginin ne ta rubuto, tana gaya maka daidai abin da ya hana. Yawancinmu ba ma karanta wannan akwatin, rufewa muke yi cikin fushi.

Akwai dalili na biyu, shi ne lasisi. Duk abin da ya shiga Gateway yana ƙarƙashin GPL, ma'ana gobe wani zai iya ɗaukar aikinka ya gyara ya ƙara. Ba ka ba da kyautar abin da ba naka ba. Don haka ginin da aka ciro daga filin jirgin da wani ya zana yake sayarwa, ko hoton tauraro da aka yanko aka shimfiɗa a ƙasa, ba su da wuri a nan. Hoton na bin sawu ne kawai, ba ya tafiya da aikin.

To ya za a yi ginin Durum ya fito? Ku kalli hannuna. Na zaɓi bangon ginin fasinjoji daga ma'aji, na bi kusurwoyin rufin da ke cikin hoto, ɗaya, biyu, uku, huɗu, na ba shi tsayi. Ga gini ya miƙe. Bai yi kama da na gaske ɗari bisa ɗari ba, ni ma na sani. Amma faɗinsa daidai, mazauninsa daidai, kuma matuƙin da ya juyo daga titi zai gan shi inda ya kamata.

Tunda hoton ya ɗan tsaya, bari in faɗi abin da ya fi damuna. Mutanenmu na ba da ƙarfi a kan gini su manta da wurin tsayawar jirage. Kowane wuri akwai harafin girmansa, daga A zuwa F. Filin nan yana jigilar alhazai, kuma jirgi irin Boeing 747-400 ko Airbus A330 ajin E ne. In ka bar komai a kan C, ka hana babban jirgi masauki a filin da kowa ya san yana sauka. Wanda ya taɓa raka mahaifiyarsa Durum lokacin Hajji ya san girman abin da nake nufi.

Su duwatsun da ke kewaye kuma ba aikinka ba ne, da taswirar manhajar suke zuwa. Sannan don Allah kada wani ya je bakin shinge yana ɗaga waya da sunan neman hoto. Wuri ne na tsaro, a nemi izini.

Saura ginin ƙaninmu. Bai yi asara ba. Ya haɗa shi a matsayin fili mai zaman kansa, ya sa a shafin X-Plane.org kyauta, duk mai so ya sauke ya jefa a jakar Custom Scenery da ke cikin X-Plane ɗinsa. Ni dai shawarata ya fara da na gayya. Wancan sai wanda ya nema zai samu. Wannan kuwa, idan masu dubawa suka amince, yana iya shiga sabuntawar manhajar ya isa ga kowa, har wanda bai taɓa jin sunan Bauchi ba. Yakan ɗau lokaci, sai an yi haƙuri.

[Allo: an sake tantancewa, babu kuskure]

Ga shi na cire ginin, na sa na ma'aji, akwatin ya koma fes. Ƙanina, in kana kallo, buɗe naka ka duba layin farkon nan, sannan ka turo mini awon hasumiyar da ka yi, don tawa ta ɗan gaza tsayi.