Masu Daskarar Da Gawa, Ku Amsa Tambayar Da Aka Yi Muku

Jama'a masu sauraro, duk lokacin da wani ɗan jaridar kimiyya ya ce daskarar da gawa da fatan tashinta nan gaba bai da tushe, sai magoya bayan harkar su yi masa ca, wai bai yi bincike ba. A wuri ɗaya dai suna da gaskiya. 'Yan jarida sun cika maimaita cewa ƙanƙara na yayyaga ƙwayoyin jiki, alhali kamfanonin da ke wannan harka sun daɗe da sauya dabara. Wannan sakacin ne ke ba su ƙofar kuɓucewa, su bar babbar tambaya a ajiye: ina hujjar cewa gawar da aka daskarar za ta tashi?

Ga yadda aikin yake. Ba a taɓa mutum sai likita ya tabbatar ya rasu. Daga nan a tsoma shi cikin ruwan ƙanƙara, a ɗora masa na'urar danna ƙirji don jini ya ci gaba da zagayawa, a yi masa allurar hana jini daskarewa. Sai a zuƙe jinin, a ɗura wani ruwan magani ta jijiyoyi, wanda zai sa jiki ya sandare kamar gilashi ba tare da ƙanƙara ta fito ba. A sauke zafinsa a hankali na kwanaki har digiri 196 ƙasa da sifiri, a zura shi cikin tankin ruwan nitirojin, kai a ƙasa, don ko ruwan ya ragu ƙwaƙwalwa ce za ta zama ƙarshen abin da zai ji ɗumi.

To ina matsalar? Ƙwaƙwalwa na fara lalacewa cikin 'yan mintuna da tsayawar zuciya, ma'aikatan kuwa wani lokaci sai bayan sa'o'i suke isowa. Jijiyar da ta toshe ba ta karɓar magani, nan ƙanƙara za ta yi ɓarnarta. Shi kansa maganin, a yawan da ake bukata, guba ne ga ƙwayoyin jiki. Kuma idan sanyi ya wuce wajen digiri 130 ƙasa da sifiri, jikin da ya zama gilashi yakan tsage, har da ƙwaƙwalwar.

Tun ranar 12 ga Janairun 1967 aka daskarar da James Bedford a Kalifoniya, mutum na farko da aka daskarar da fatan tashinsa. Gawarsa na nan a hannun Alcor, wani kamfanin daskarar da gawa a jihar Arizona. Daga ranar zuwa yau, mutum nawa aka tayar? Ko ɗaya. Ɓera guda cikakke fa, daga wannan sanyi? Ko ɗaya.

Sai su ce ai ana daskarar da ɗan tayi a asibiti, a narkar, a haife shi lafiya. Haba! Ɗan tayin nan bai kai ƙwayar yashi ba, sanyi da ɗumi na ratsa shi nan take, kuma da ransa aka sa shi. Sai su kawo ƙodar ɓera da masana a Jami'ar Minesota suka adana har kwana 100, suka ɗumama, suka dasa a 2023. Aiki ne na a yaba, amma sai da suka cika jijiyoyin ƙodar da ƙananan ƙwayoyin ƙarfe don ɗumi ya kama ko'ina lokaci guda. Ƙodar ɓera ke nan, lafiyayyiya. Sai su kawo ƙwaƙwalwar zomo da aka daskarar har aikin ya ci kyauta a 2016. Ba sa son ƙarawa da cewa an fara jiƙa ta da sinadarin da ke ƙame nama ya kashe ƙwayoyinsa. Siffa kawai aka adana, ba rai ba.

In hujja ta ƙare, sai ka ji "kimiyyar gobe za ta gyara", ko "ai ya fi kabari". Da wannan magana babu abin da ba za a sayar wa mutum ba. Kuɗin kuwa yau ake karɓa: sama da dala dubu 200 a Alcor kan jiki duka, dala dubu 80 kan kai kaɗai, yawanci daga inshorar rai da iyali za su ci. Kuma sai kamfanin ya rayu ɗaruruwan shekaru yana ƙara nitirojin. A 1979, a Catsiwot ta Kalifoniya, an tarar da gawarwaki sun narke sun ruɓe bayan kuɗin ƙungiyar da ta daskarar da su ya ƙare.

Mai karɓar kuɗi shi ke da nauyin kawo hujja, ɗan jarida tambaya kawai ya yi. Su daskarar da ɓera guda zuwa digiri 196 ƙasa da sifiri, su narkar da shi a gaban masana, ya tashi ya gane hanyar da aka koya masa. Har yanzu ba su yi ba.