Ɗalibin Likitancin Haƙori da Kariya a Lokacin Annoba

Ku dubi tazarar da ke tsakanin fuskar ɗalibin likitancin haƙori da bakin majinyaci. Da ƙyar ta kai kamu ɗaya. Majinyacin kuma ba zai sa takunkumi ba, tunda a bakinsa ake aikin. Shi ya sa bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annoba ranar 11 ga Maris 2020, asibitocin koyarwa da dama suka jingine duk aikin haƙori da ba na gaggawa ba.

Babban haɗarin yana cikin feshi. Injin haƙa haƙori, na'urar kankare dauɗar haƙora da bututun iska da ruwa duk suna tarwatsa yawu da jini. Manyan ɗigo su sauka kan tire da kujera, ƙanana kuwa su ci gaba da shawagi a iska har bayan majinyaci ya tafi. Ana rage wannan da shimfiɗar roba da ke keɓe haƙorin da ake gyarawa, tare da na'urar zuƙa mai ƙarfi a kusa da bakin injin.

Yawancin ɗalibai za su iya zayyano ƙa'idojin nan a jarrabawa. Inda gizo ke saƙa shi ne ko hannu ya saba da su.

Wajen sa kayan kariya, a wanke hannu, sannan riga, sai takunkumin N95 mai tace ƙananan ɗigon da ke cikin iska, sai tabarau ko garkuwar fuska, safar hannu a ƙarshe, ta hau kan bakin hannun riga. Da an sa N95 a matse ƙarfen hanci da yatsun hannu biyu, a rufe takunkumin da tafukan hannu, a fitar da numfashi da ƙarfi. In iska ta fito ta gefe ko tabarau ya yi hazo, bai zauna ba. Gashin fuska a inda gefen takunkumin ke kwanciya yana hana shi kamawa, kuma wannan abu ne da ya kamata malami ya duba wa kowane ɗalibi tun kafin ya shiga ɗakin jinya.

Cirewa ta fi sakawa haɗari, domin a lokacin an gaji, an yi gumi, kayan kuma sun gurɓata. Safar hannu ce farko, a juye ta ciki ya koma waje. Sai riga, a naɗe ta nesa da jiki. A tsabtace hannu. A cire tabarau ta madaurin baya. Takunkumi shi ne na ƙarshe, bayan an fita daga ɗakin, ta igiyoyinsa, ba a taɓa gabansa. A sake tsabtace hannu: daƙiƙa 40 zuwa 60 da sabulu da ruwa, ko 20 zuwa 30 da sanitaiza.

Kan injin haƙa ba a goge shi kawai a mayar. Yawu na iya komawa cikinsa idan ya tsaya, don haka a bar ruwansa ya zuba na daƙiƙa 20 zuwa 30, a wanke shi, sannan ya shiga otokilef, wato na'urar kashe ƙwayoyin cuta da tururi mai zafi, bayan kowane majinyaci. A zafin digiri 134 na ma'aunin Celsius, minti 3 zuwa 4 ne. A digiri 121 kuwa kayan da aka naɗe suna buƙatar minti 30. Cunkusa kaya yana hana tururi ratsawa, fakitin da ya fito da danshi kuma sai an sake.

Kujera, hannun fitila da maɓallai a goge su da ruwan bilic mai ƙarfin kashi 0.1 cikin 100, a bar wurin da laima na aƙalla minti ɗaya. Inda jini ya zuba, kashi 0.5. A haɗa sabo kullum, domin wanda ya kwana ƙarfinsa na raguwa.

Annoba ba ta kawar da tsofaffin haɗura ba. Ɗalibi ya kammala rigakafin ciwon hanta nau'in B, allura uku, kafin ya fara taɓa majinyata. In allura ta soke shi, ya wanke wurin da sabulu da ruwa, ya sanar da mai kula nan take, kada tsoron faɗa ya sa ya ɓoye. Maganin kariya daga HIV ana fara shi ne cikin awa 72, kuma awannin farko sun fi amfani.