Ladi Kwali ba ɓata ta yi ba, balle a ce an gano ta

Jama'a masu saurare, abin da ya tunzura ni yau shi ne wata magana da na ji a wani taron baje kolin zane-zane a Abuja, inda mai jawabi ya miƙe ya ce wai wani Bature ne ya gano Ladi Kwali. Gano ta a ina? Ɓata ta yi?

Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, 'yar Gbagyi ce daga ƙauyen Kwali, kuma tun tana yarinya ta koyi ginin tukwane a hannun wata 'yar'uwar iyayenta, ba tare da inji ba, tana murɗa yumɓu kamar igiya tana ɗora shi zobe bisa zobe har randa ta tashi. Kafin ta gasa, sai ta tsaga jikin randar da hoton kadangare da kunama da kada da kifi, kowanne a cikin gurbinsa. Lokacin da Michael Cardew, Baturen Ingila mai ginin tukwane da ake cewa shi ya gano ta, ya zo wannan yanki a 1950, a fadar Sulaimanu Barau, Sarkin Abuja ta wancan lokaci, wato Suleja ta yanzu, ya ga tukwanenta, domin sarkin ya riga ya san darajar aikinta har yana ajiye shi. To, wanda sarki ya riga ya sani, wa zai ce shi ya gano ta?

Ba a musun cewa shigarta cibiyar koyon tukwane ta Cardew a garin a 1954, inda ta zama mace ta farko, ta ƙara mata sanin injin juya yumɓu da shafe mai ƙyalli, ta kuma buɗe mata hanya har zuwa Landan da Amurka. Amma fasahar da ta ƙayatar da Turawa, daga Kwali ta taho da ita. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ita da ba ta yi karatun boko ba, kuma ta rasu a 1984 da suna a duniya, amma har yau ana ba da labarinta ana sa sunan namiji a gaba.

Wasu za su ce ai an karrama ta, ga ta nan a kan kuɗi, me kuma ake nema? Wannan ba hujja ba ce, domin yaran da ke riƙe da naira 20 sun san Janar Murtala da ke gaba, amma ka tambaye su matar da ke baya, sai su ce "wata mai tukwane".

Kuma abin da aka yi wa Ladi shi ake yi wa dubban mata a gidajenmu kullum. Matar da ta shafe makonni tana ɗinkin hula da allura a cikin ɗakinta, tana ƙirga zare ɗaya bayan ɗaya har idonta ya yi ja, ita ce ta tsara launi da zanen, amma idan hular ta isa kasuwa, sunan ɗan kasuwa ake kira, kuma shi ke cin riba mafi tsoka. Namiji ya yi zane a kan allo, sai a kira shi mai fasaha, a rubuta sunansa a ƙasan aikin, a rataya a zauren baje koli. Mace ta yi faifai ko randa, sai a ce sana'ar hannu ce kawai, a jera a ƙasa kusa da ƙofa, ba suna, ba gari, sai takardar farashi.